Kabarin Kusa da Om Aron

Justina Pankrats ta fara kwaɓin tun gari bai gama wayewa ba, kuma duk wanda ya ji yadda take narka wa fulawar nan dunƙule ya san ranta a ɓace yake. Ɗanta Isbrand yana kwance a ɗakin sanyi, a kan yashi mai laima, an lulluɓe shi da farin zane. Jiya da la'asar zazzaɓin ƙwarƙwata ya gama da shi, yaro ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Ba ta yi kuka ba tukuna. Aiki ya yi mata yawa, kuma ba ta da mai taya ta.

Fulawar ita ce ta ƙarshe a gidan. Tun kaka ta ɗinke ta cikin katifa. 'Yan fashi masu baƙar tuta suka shigo suka fita, sojojin wannan ɓangare da na wancan suka shigo suka fita, ba wanda ya ga abin ɗauka a katifar matalauciya. Babu man shanu, madarar ma cikin cokali ce, amma a ƙauyenmu Talfeld ba a binne mutum ba tare da burodin tsibak ba, ɗan ƙarami a kan babba, ko duniya ce take tashi. Kuma gidan makoki ba ya gashi. Nasu shi ne su kwaɓa, su raba a kwanuka, a bi gida-gida a miƙa, kowace mace ta gasa a tandarta ta kawo ranar jana'iza. Haka kakanninmu Menonawa, wata ɗarikar Kirista, suka zo da abin, haka muke yi a nan bakin kogin Molochna. Justina kanta ta gasa wa matattun ƙauyen nan tun tana amarya, ba ta taɓa mayar da kwanon kowa ba.

Ta jera kwanukan a baro, ta rufe kowanne da farin ƙyalle, ta ɗora bargo a sama, ta turo zuwa titi. Ƙanƙara ta fara narkewa, taɓo har idon sawu. Talfeld titi ɗaya ne: masu gona a tsakiya da manyan gidajensu da rumbuna, marasa gona irin su Justina can wutsiyar titi, inda karnuka ma ba sa wahalar da kansu su je.

Helena matar Bolt ce ta farko. Ta buɗe ƙofa ta tsaya ta cika ta, hannuwanta a ɓoye cikin zanen girki.

"Sannu da rashi, Justina. Allah ya ba ki haƙuri."

"Amin. Karɓi."

"Ai kuwa... tandarmu ce ta tsage."

Justina ta ja da baya ta ɗaga kai. Hayaƙi na tashi daga rufin gidan, baƙi ƙirin, har da ƙanshin miyar kabeji.

"Tsagewa ta yi? To wancan hayaƙin fa, addu'arku ce take hawa sama?"

Fuskar Helena ta yi ja har kunnuwa. Abin kunya ne kuwa, mace mai baftisma, da jikoki, ta tsaya tana ƙaryar tanda da farar safiya! Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ba ni ba ce, Justina. Mai wa'azi Om Bernhard ne ya aiko a dakata, sai 'yan'uwa maza sun zauna da azahar. Ke ma kin san Isbrand bai tashi ba."

Ta sani. Duk ƙauyen ya sani. Mu mutane ne da ba ma ɗaukar makami, a kan wannan ne kakanninmu suka yi ta barin ƙasa suna komawa wata. Amma bara waccan, da gwamnati ta faɗi 'yan fashi suka fara yawo, masu gona suka taru a makaranta suka ce matasa su ɗauki bindiga. Suka ce ai ba yaƙi ba ne, gadi ne kawai. Mutum ɗaya ne ya tashi ya ce kada a yi, tsohon mai wa'azinmu Om Aron Gosen, yana magana hawaye na bin gemunsa, aka yi masa ca har ya zauna. Su wa suka tafi gadin? 'Ya'yan wutsiya mana, tunda 'ya'yan masu gona ana bukatarsu wurin girbi. Isbrand ɗan ƙodago ne a gonar Gosen, shi ma ya tafi.

Gadin ya watse kafin bazara. Isbrand ya dawo da harsashi a ƙafa, 'yan fashin kuma suka dawo da fushi ninki biyu. Nan ne fa ikilisiya ta tuna da koyarwar kakanni. Aka ce zunubi aka yi, duk yaron da ya riƙe bindiga ya tashi ranar Lahadi a gaban jama'a ya roƙi gafara. Yaran suka tashi ɗaya bayan ɗaya, suna kuka, masu gona na zaune suna gyaɗa kai. Isbrand ya zauna daram a kan bencinsa. Ya ce zai tashi ranar da waɗanda suka ɗaura masa sirdi suka tashi tare da shi. Daga ranar aka hana shi Jibin Ubangiji, wato aka fitar da shi daga ikilisiya.

"To, na ji," in ji Justina. Ta ɗauki kwanon ta dire shi a kan dakalin ƙofar, daidai inda ƙafa take sauka. "Ga rabonki nan. Ko ki gasa ko ki tsallaka."

"Haba Justina, sanyi zai kashe shi!"

"Ai ba shi kaɗai sanyi ya kashe ba a garin nan."

Haka ta bi titin. Matar Kwiring ta leƙo ta taga ta ƙi fitowa. Matar Wilms ta fito tana matsar hawaye, ta rungume ta, ta ce ta san zafin rasa ɗa, amma hannunta bai kai ga kwano ba. Wata kuma ta raɗa mata, "Zagayo ta baya ki ba ni, kada dai a gani." Wannan ce ta fi ƙona mata rai. Ta ce, "Ɗana ba ta ƙofar baya aka zo aka ɗauke shi ba." Ta dire kwanon a gaba. Kafin ta kai tsakiyar gari, kowane dakali a bayanta yana da farin kwano zaune a kansa.

Gidan Gosen shi ne babba, mai koren ƙyaure. Makon jiya ne ragowar 'yan fashi suka zo neman dawakai. Om Aron ya fito musu hannuwansa a buɗe, ya ce su shigo su ci abinci. Suka ce ai garin masu bindiga ne nan, suka harbe shi a bakin wannan ƙyauren. Ba a ko share makokinsa ba aka ɗora wa ɗansa Bernhard wa'azi, kowa ya koma ce masa Om. Ban da Justina. Ita ce ta riƙa wanke masa wando yana yaro, lokacin da take wa uwarsa wanki.

Ta same shi a babban ɗaki, ya rame, idanunsa sun faɗa. Mahaifiyarsa, tsohuwa Aganeta, tana zaune jikin bangon tanda cikin baƙaƙen kaya, ido ya riga ya tafi sai dishi-dishi.

"Inna Justina, zauna," in ji Bernhard. "Allah ya ba ki haƙuri."

"Ba zama ya kawo ni ba, Bernhard. Kai ka ce kada a karɓi kwaɓina?"

"Cewa na yi a dakata."

"A dakata da me? Gawa ce take jira, ko kwaɓi?"

Ya shafa fuskarsa da hannu biyu. "Kin san wanda ke ƙarshen layi."

Nan ne maganar take. A maƙabartar Talfeld babu wurin dangi, babu na mai arziki. Layi ne: wanda ya mutu yau ya kwanta kusa da wanda ya mutu jiya, ko wane ne shi. Tun da aka kafa ƙauyen ba a taɓa tsallake kowa ba, sai wanda ya mutu a wajen ikilisiya, shi kuma can bayan shingen ƙaya. Om Aron ne na ƙarshe a layi. Na gaba Isbrand.

"Mahaifina ya mutu hannunsa babu komai," in ji Bernhard. "Saboda bindigogin nan aka kashe shi. Yanzu in ɗauki wanda ya riƙe bindiga, ya kuma ƙi tuba, in kwantar da shi kafaɗa da kafaɗa da shi? Me zan ce wa jama'a? Me zan ce wa yaran da suka tashi?"

"Ka ce musu layi ne."

"Inna, saurare ni. Ba na son in kai shi bayan shinge, Allah ya sani. Akwai hanya mai sauƙi." Ya matso ya rage murya. "Ke kaɗai ce a kansa da ya cika. Za mu kira ki bakin ƙofa da azahar, in tambaye ki ko ya ce a roƙa masa gafarar ikilisiya kafin ya tafi. Ki ce i. Shi ke nan. Ba wanda zai ƙara tambaya."

Gaskiyarsa, ba wanda zai ƙara. Mu ba ma rantsuwa, ko a gaban alƙali. Idan mai baftisma ya ce i a gaban 'yan'uwa, magana ta ƙare, ba a neman shaida. Kalma ɗaya ce tsakanin ɗanta da layi, kuma ga mai wa'azi da kansa yana sa mata ita a baki.

"Ka tambaye ni ko ya faɗa?" in ji ta.

Bernhard ya kawar da kai. "Da azahar zan tambaye ki."

Ta juya za ta fita da kwanon a hannu, sai muryar tsohuwa ta fito daga jikin tanda.

"Justina, kawo nan. Ɗora min a cinya."

"Mama, an ce a dakata," in ji Bernhard.

"Da kai aka ce. Ni mahaifinka ne yake ce da ni in yi ko in bari, shi kuma kun binne shi." Ta laluba ta ɗaga ƙyallen, ta danna kwaɓin da yatsa. "Kai, babu mai ko kaɗan! Bari, ina da ɗan kitse a ɓoye. Je ki abinki, 'yata."

Justina ba ta koma gida kai tsaye ba. Ta bar baron a bakin hanya ta bi ta maƙabarta. Ta san layukan nan kamar yadda ta san titin, don duk wanda ke ciki ta taɓa gasa masa.

Ga mijinta Ditrik, a tsakanin tsohon Wilms mai injin niƙa da jaririn makiyayi. Wilms ɗin nan har ya mutu bai taɓa amsa gaisuwar Ditrik ba, yanzu ga su nan manne da juna, ba mai iya matsawa. Ditrik kan ce abin da ya fi so a addininmu ke nan. Ga Margareta ungozoma, wadda idan ta ja waƙa a majami'a sai yara sun toshe baki, amma ba ta taɓa fasa ja ba. Da zazzaɓin ya kwantar da 'yan fashin da suka mamaye gidanta, ita ta riƙa wanke su tana ba su ruwa da cokali, a kan gadonta da suka ƙwace, har ta ɗauka a wurinsu. An ce mata ta bari su mutu, ta ce ba haka aka karanta mata ba. Ga Yakob mashayi, da aka fitar da shi daga ikilisiya aka mayar, aka sake fitarwa aka sake mayarwa. Ya ci sa'a mutuwa ta same shi yana ciki, ga shi nan a layi kamar kowa.

Sai tudun ƙarshe, ƙasarsa ko kwanciya ba ta yi ba. Om Aron. Shi ya zuba wa Isbrand ruwan baftisma a ka. Bayan an hana yaron Jibi, kowa ya ɗauke ƙafa daga gidansu ban da shi. Duk mako sai ya taka har wutsiya da sandarsa, ya durƙusa da tsofaffin gwiwoyin nan ya wanke masa ciwon ƙafa, ya sake ɗaurewa. Ko sau ɗaya bai taɓa ce masa ya tashi ba. Hirar dawakai kawai suke yi, in zai tafi ya yi addu'a gajeriya.

Kusa da tudun ga fili nan, ƙanƙara a kwance a kansa fara fat. Ta ɗaga ido ta hango bayan shinge, inda aka sa wani da ya rataye kansa, da wani baƙo da kogi ya kawo. Shanu ne ke bi ta wurin.

Ta ce a ranta, kalma ɗaya ce fa. Wa zai sani? Kuma ai ba duka ƙarya ba ce. Shekaranjiya, da zazzaɓin ya ɗan sake shi, ya riƙe hannunta ya ba ta labarin wani mutum da ya harba a bakin rafi, mutum mai takalmi a ƙafa ɗaya, ɗaya ƙafar an naɗe da tsumma. Ya ce kullum sai ya roƙi Allah a kan mutumin nan, kullum. Ta ce masa, "To bari in kira Bernhard, ka faɗa a gabansa." Sai ya damƙe hannunta har ya yi mata ciwo.

"Kada ki kira shi, Mama. Idan sun tambaye ki, ki ce ban tashi ba."

Abin da ya bar mata ke nan. Ba gona, ba jika, sai wannan saƙon. Yanzu ana so ta sayar da shi ta saya masa wurin kwanciya. Ta tsaya a nan har ƙafafunta suka mutu da sanyi, tana jin haushin Bernhard, tana jin haushin matan, tana jin haushin yaron ma da taurin kansa irin na ubansa, ya mutu ya bar ta da wannan kaya ita kaɗai.

Da azahar mazan suka fito zuwa makaranta. Kowannensu sai da ya ɗaga ƙafa ya tsallake farin kwano a ƙofar gidansa, kuma ba wanda ya ce wa ɗan'uwansa komai a kai. Suka zauna a kan bencin yara, gwiwoyi har ƙirji. Mata ba sa shiga wannan zama. Aka bar Justina a waje tana jin gunaguninsu ta bango, har Wilms dattijon ikilisiya, ɗan mai injin niƙa, ya buɗe ya ce ta tsaya daga bakin ƙofa.

Ta tsaya, fulawa har gwiwar hannu, taɓo har gefen zane.

Bernhard ya miƙe. Ya dube ta da idon roƙo. "'Yar'uwa Justina, ke ce a kan ɗanki da ya cika. Shin ya ce a roƙa masa gafarar ikilisiya?"

Ta ga wasu har sun fara laluben hulunansu, sun san amsar da aka shirya, suna son a gama a tafi gida.

"A'a," in ji ta.

Wani ya yi tari. Bernhard ya lumshe ido.

"Cewa ya yi in gaya muku bai tashi ba. Abin da ya faɗa wa Allah kuwa na ji da kunnena, amma ba naku ba ne, ba zan kawo muku shi nan ku auna ba."

"To," in ji Wilms, yana kama ƙofa zai rufe, "an ji. Magana ta ƙare."

Ta sa ƙafa ta tokare ƙofar. "Ba ta ƙare ba. Kun tambaye ni na amsa. Ni ma ina da tambaya."

"Mata ba sa magana a nan, 'yar'uwa."

"Ku kuka kira ni, ba ni na kawo kaina ba. Cire hannunka, Wilms, na girmi uwarka a wahala ko ban girme ta a shekaru ba." Ta shigo taku ɗaya, abin da wata mace ba ta taɓa yi ba. "Bernhard Gosen! Dokin wa ɗana ya hau?"

Ba wanda bai san amsar ba a ɗakin. Abin da ba a taɓa yi ba shi ne a faɗe ta da baki. Kuma dokar da ta ɗaure Justina ita ce ta ɗaure shi: an tambaye shi a gaban 'yan'uwa.

"Nawa," in ji shi a hankali.

"Ɗaga murya, ai kai mai wa'azi ne. Wa ya ɗaura sirdin?"

"Ni."

"Bindigar fa, daga sama ta faɗo masa?"

"Ni na miƙa masa."

"Ranar Lahadin da yaran nan suka tashi suna kuka, ka tashi?"

Bernhard ya sunkuyar da kai. Ana jin ruwan ƙanƙara na ɗiga daga rufi. "A'a."

Ta juya kan sauran. "Kai Bolt, ba kai ka aika musu da naman alade da takalma ba, kana cewa su ne garkuwarmu? Kai Kwiring, ba kai ka ce wa Om Aron ya zauna ba, tsufa ne ke damunsa? Yau kai ne mai kishin kabarinsa! Kai Wilms, ɗanka ciwon baya ya kama shi ranar tafiya, ya warke ranar girbi. Ku ce min ƙarya nake!"

Bolt ya shiga murza hularsa.

"Rumbunanku aka je gadi. Mu me muke da shi a wutsiya da za a sata? Kun tura 'ya'yanmu su yi muku zunubin, kun zauna hannuwanku fes, da abin ya ɓaci kuma kun jera su kuna yafe musu. Tir da wannan hali! Ku kai shi bayan shinge in kun ga dama. Amma kafin ku kai shi, ku je ku duba wurin da kyau, ku ga ko zai ɗauke ku duka, don ba ɗayanku da ya tashi."

Ba ta jira amsa ba. Ta fita ta bar musu ƙofar a buɗe iska na shiga.

Ta kama hanyar gida. Ta san abin da ta yi: an miƙa mata layi a hannu ta watsar, kuma mazan da aka tsiraita a gaban juna ba a san su da tausayi ba. Ta shiga gida, ta ɗaga zanen ta dubi fuskar ɗanta. Ta ce, "Na faɗa musu, mai taurin kai. Ka ji daɗi?" Sannan ta ɗauki diga da shebur na Ditrik ta koma maƙabarta.

Mata ba sa haƙa kabari. To yau kuma sai a zo a hana ta. Ta share ƙanƙarar da ke kusa da tudun Om Aron, ta ɗaga diga ta sauke. Saman taɓo ne, ƙasan kuwa daskararre, digar ta yi tsalle ta kusa fizge mata kafaɗa. Ta sake ɗagawa. Ta yi ta sara har tafin hannunta ya fashe, abin da ta haƙa bai kai zurfin kwano ba.

Daga nan ana hango titin. Ta ga hayaƙin gidan Gosen ya sauya, iska ta kawo mata ƙanshin burodi. Can sai ta ga ƙofar Bolt ta buɗe, Helena ta sunkuya ta ɗauki kwanonta ta shige da sauri. Sai matar Kwiring. Sai ta gaba. Abin bai sanyaya mata rai ba ko kaɗan. Kwaɓin ya sha sanyi tun safe, burodin zai fito da tauri ba tashi, kuma haka za su ci shi gobe, ita za ta tsaya a kansu sai sun haɗiye.

Ta ji takun mutum a bayanta, ba ta waiwaya ba. Bernhard ne, shi kaɗai, da tasa digar a kafaɗa. Ya cire baƙar rigar wa'azi ya rataye a shinge.

"'Yan'uwa sun zauna," in ji shi. "A nan za a sa shi."

"Ban tambaye ka ba."

"Ranar Lahadi zan tashi."

"Shi dai ba zai gani ba."

Ya sauke digarsa daga kafaɗa. Ya shiga ya fara sara. Ta hau gefe ta zauna a ƙarshen tudun mahaifinsa, ta naɗe hannuwanta masu jini cikin zanen girki, tana kallonsa. Wasu maza biyu suka zo da shebur za su taya shi, ta ɗaga musu hannu.

"Ku bar shi. Shi ya ɗaura sirdin shi kaɗai."

Suka tsaya daga nesa. Bernhard ya yi ta haƙa. Mutum ne da ya saba sa wasu aiki, gumi ya jiƙa masa riga cikin wannan sanyin, numfashinsa na fita da ƙyar. Ramin ya kai masa gwiwa, ya kai ƙugu. Rana ta yi ƙasa, ya kai ƙirji. Ya jingina da digar ya ɗago kai, fuskarsa duk ƙasa, ba a gane gumi da hawaye.

"Ya isa, Inna?"

Justina ta tashi ta zo bakin ramin. Ta leƙa, ta dube shi daga sama, ta dubi tudun da ke gefe.

"Ƙara," in ji ta. "Na mahaifinka ya fi haka zurfi."